Shinge Mai Rai: Yadda Ake Gane Tsirran Da Ke Tsaron Gonaki A Arewacin Zamfara

Matafiyin da ya tashi daga Ƙauran Namoda ya nufi Shinkafi, ko kuwa ya bi hanyar Zurmi wadda ta zarce Jibiya, in dai da rani ne, zai riƙa ganin jerin waɗansu gajerun itatuwa masu launin toka a gefen gonaki da bakin ƙauyuka. Ba ganye, ba fure. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka busassun ƙirare ne aka kakkafa. Amma da ya karya ɗan reshe ɗaya, sai ya ga ruwa ya tsattsafo. Ashe da ransu, ruwan sama kawai suke jira. Wannan shi ne shinge mai rai.

A manyan biranen Turai akwai wani abu mai kama da haka, inda ake lulluɓe bangon bene da tsirrai tun daga ƙasa har sama. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Patrick Blanc, shi ya yi fice a wannan fasaha, kuma bangon da ya yi wa gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a birnin Faris a 2006 ya zama abin kallo. Sai dai irin wannan bango ado ne, kuma ransa yana hannun famfo da bututun da ke ɗiga masa ruwa. Na manomin Zurmi kuwa ba mai ba shi ruwa, kuma aiki yake yi. Shi ke hana awaki shiga rogo, shi ke karya ƙarfin iska, shi ke nuna iyakar gona idan magada suka zo rabo. Darnin kara kowace shekara sai an sake shi, ga gara, ga kuma bukatar karan don makamashi da abincin dabbobi, alhali shinge mai rai yana iya wuce wanda ya dasa shi. Ko burtali ma, watau hanyar shanu da ke ratsa tsakanin gonaki, da irin wannan shinge akan killace ta hagu da dama. Cinye burtali yana daga cikin abubuwan da masu nazari ke ambata a tushen rikicin da ya addabi wannan yanki tun daga wajejen 2011, saboda haka jerin aguwar da ke gefen hanya shaida ce, ba ciyawar banza ba.

To, amma shinge ba tsiro ɗaya ba ne. A taku ashirin ana iya samun iri biyar ko fiye, waɗansu dasa su aka yi, waɗansu tsuntsaye da iska suka kawo. A cikinsu akwai abin miya, akwai magani, akwai kuma dafin da ke kwantar da yaro a asibiti ko ya lahanta idon babba.

Matsalar rani

Tun daga 1753, lokacin da masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya fitar da littafin da ya kafa tsarin bai wa kowane tsiro suna biyu na Latin, fure da 'ya'ya su ne manyan shaidun da masana ke dogara da su. Dalili kuwa shi ne ganye yana sauya girma da siffa gwargwadon ruwa da inuwa, amma ginin fure ba ya cika sauyawa. Wannan ƙa'ida daidai take, sai dai a arewacin Zamfara ba kullum take samuwa ba. Damina wata huɗu ce ko biyar, daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma yawancin itatuwan shinge suna zubar da ganyensu da shigowar hunturu don su rage asarar ruwa. Ga shi kuwa a ƙarshen rani ne, lokacin da suke tsirara, manomi ke yankan rassan da zai dasa. Ke nan a daidai lokacin da aka fi bukatar ganewa ne shaidun littafi suke ɓacewa. Abin da ya rage shi ne ɓawo, da ƙaya, da ƙamshi, da kuma ruwan da ke fita idan an ji wa itacen ciwo. Da waɗannan huɗu ana iya rarrabe kusan duk itatuwan shinge na yankin. Harshe kuwa ba ya cikin kayan aiki: ba a gane tsiro da ɗanɗano.

Masu farin ruwa

Idan aka karya reshe, farin ruwa kamar madara ya kwararo, reshen kuma sumul ne, mai taushi, kaurin yatsa, ba ƙaya, ga rassa sun yi cunkus tun daga ƙasa, to aguwa ce, wadda a waɗansu wurare ake kira ayyara. Ita ce uwar shinge a ƙasa mai jigawa. Da damina takan fitar da siraran ganye masu tsawon yatsa, a tattare a kan reshe kamar tuntu. Furenta ɗan mitsitsi ne, rawaya-rawaya, ɗanta kuwa yana da ɗaki uku. Ruwan da take ajiyewa a jikinta shi ke sa yankakken reshe ya daɗe bai mutu ba har ya yi saiwa, shi ya sa ake amfani da ita wajen tsayar da tudun rairayi a Jamhuriyar Nijar da Senegal da Muritaniya.

Sunanta na kimiyya yana da labari. Kashin farko, Euphorbia, an samo shi ne daga sunan Euphorbus, likitan Sarki Juba na Biyu wanda ya yi mulki a Arewacin Afirka shekaru dubu biyu da suka wuce. A 1911 wani masani a Ingila, N. E. Brown, ya raɗa wa aguwar Afirka ta Yamma suna Euphorbia sepium, kuma ma'anar kalmar ta biyu ita ce "ta shinge". Daga baya aka haɗe ta da wata 'yar'uwarta ta tsibiran Kanari a ƙarƙashin suna Euphorbia balsamifera, kuma da wannan suna take a yawancin littattafan makaranta. Sa'an nan binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2021 ya nuna cewa jinsi dabam-dabam ne, aka mayar mata da sunanta na da. Ɗalibin da ya ga sunaye biyu a littattafai biyu kada ya rikice, aguwar dai ita ce.

Farin ruwa kaɗai bai isa hujja ba. Tumfafiya ma tana da shi, kuma takan tsiro a gindin shinge, amma danginta dabam ne: ganyenta fatan-fatan ne, biyu-biyu suna fuskantar juna, ba ta kuma zubar da su duka da rani. Wadda ta fi kamata a yi hattara da ita ita ce tinya. An fi samunta a wurare masu duwatsu, amma akan dasa ta a kusurwar gona ko bayan gida. Rassanta sun fi na aguwa kauri ƙwarai, ba su da yawa, jikinsu kuma duk tabo ne, sau da yawa da 'yar ƙaya a kan tabon. Daga ruwan wani nau'in tinya, Euphorbia poissonii, masana suka ware wani sinadari suka sa masa suna tinyatoxin, watau dafin tinya, kalmar Hausa a cikin littattafan haɗa magunguna na duniya. Jijiyar da barkono ke taɓawa ita yake taɓawa, amma ƙarfinsa ya ninka na sinadarin barkono sau ɗaruruwa. Ruwan aguwa bai kai haka zafi ba, duk da haka shi ma yana ƙona ido. Duk wanda irin wannan ruwa ya faɗa wa a ido, kada ya murza. Ya yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti.

Bi ni da zugu

Na biyu a yawa, musamman a kewayen gidaje da garake, shi ne bini-da-zugu. Da rani yakan yi kama da aguwa, domin shi ma rassansa masu taushi ne, ba ƙaya. Bambancin yana ga ruwan. Nasa ba fari fat ba ne, garai-garai yake, da yauƙi da kumfa, har yara sukan hura shi ya yi ƙwai kamar na sabulu, kuma in ya taɓa tufa yakan bar tabo mai duhu wanda ba ya fita. Rassansa sun fi na aguwa kauri da miƙewa, da manyan tabo a inda ganye ya faɗi. Ganyen kuwa faffaɗa ne kamar tafin hannu, mai kusurwa uku zuwa biyar, da doguwar wutsiya.

Wannan itace, Jatropha curcas, baƙo ne. Asalinsa ƙasar Meksiko da Amurka ta Tsakiya, kuma 'yan Fotugal ne suka yaɗa shi ta tsibiran Kef Bade zuwa gaɓar Afirka. Amma ya daɗe a ƙasar Hausa har ya sami suna, sunan kuma gargaɗi ne. Zugu shi ne farin ƙyallen saƙi da akan yi likkafani da shi, shi ya sa waɗansu ke cewa cini-da-zugu: in za ka ci ni, tanadi likkafaninka. Ɗansa kore ne, ya koma rawaya, ya bushe baƙi, da ƙwaya uku baƙaƙe a ciki. Abin takaici shi ne ƙwayar ba ta da ɗaci, gardi gare ta kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci. Tana ɗauke da wani furotin mai dafi da ake kira kursin, man cikinta kuma yana da sinadarai masu ƙona hanji. Ƙwaya kaɗan sun isa su jawo amai da zawo da murɗawar ciki, sau da yawa kafin awa guda ta cika. Mafi yawan yaran da aka kai asibiti da wuri suna warkewa, domin babban haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki. A fara ba yaro ruwan gishiri da sukari, a tafi da shi asibiti tare da samfurin abin da ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko tsamiya.

Wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar mai ne, kuma a wajejen 2007 da 2008 duniya ta yi ta rububin shuka shi don man injin, kafin yawancin manyan gonakin su durƙushe saboda amfanin bai kai yadda aka zata ba. Aikinsa na shinge dai bai taɓa durƙushewa ba, tun da ko akuya ba ta cinsa.

Akwai ɗan'uwansa mai jan ganye da gashi mai ɗanko, wanda ke tsirowa a juji da kufai. Akwai kuma zurma, wadda akan rikita da shi: ganyenta yana da yatsu bakwai ko fiye, masu tsagi mai zurfi da baki kamar zarto, wutsiyar ganyen tana manne a cikin faɗinsa ba a gefe ba, 'ya'yanta kuma suna da tsika. Dafin ƙwayar zurma, risin, ya fi na bini-da-zugu muni. Aguwa da tinya da bini-da-zugu da zurma duk dangi ɗaya ne, tare da rogo da itacen roba, kuma tambarin gidansu shi ne ɗa mai ɗaki uku.

Masu ƙamshi da masu ƙaya

Idan aka kankare ɓawo da farce, babu madara, sai ƙamshi kamar na turare ya tashi, to an shiga gidan dashi da hano. Dashi, Commiphora africana, gajere ne, kuma ƙananan rassansa suna ƙarewa da tsini, watau reshen kansa shi ne ƙayar. Ganyensa uku-uku ne, na tsakiya ya fi girma. Ƙananan furanninsa jajaye sukan fito tun kafin ganye. Ƙarƙashin siririn ɓawonsa kore ne shar, kuma wannan kore yana da aiki: da shi itacen ke ci gaba da haɗa ɗan abinci daga hasken rana a watannin da ba shi da ganye. Dashi yana kamawa da sauƙi idan an kafa reshensa, ƙayarsa kuma tana tsare hanya, amma raƙuma da awaki suna son ganyensa, saboda haka shingen dashi zalla yakan sha kiwo.

Hano, ko ararraɓi, ya fi dashi tsawo, ba shi da ƙaya, ɓawonsa kuma yana saɓulewa kamar tsohuwar takarda. Dangin itacen lubban ne. Sunansa na kimiyya, Boswellia dalzielii, yana tunawa da Dokta J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotland da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, sa'an nan ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Abin da ya rubuta kuwa daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya ji shi. A yau hano yana shan sassaƙa saboda magani, kuma itacen da aka zagaye ɓawonsa gaba ɗaya mutuwa yake yi, domin ta cikin ɓawon ne abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa.

Magarya da kurna ba sa wahalar ganewa a matsayin 'yan gida ɗaya: ganyensu yana da jijiya uku da suka taso daga gindi, ƙayarsu kuma biyu-biyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasasshiya. Rarrabe su tun suna ƙanana shi ne aiki, amma juya ganye kawai ya isa. Bayan ganyen magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne, kusan sumul. Lalle kuma, wanda aka fi gani a kewayen lambunan fadamar Gagare da Bunsuru, ƙananan ganyensa biyu-biyu ne, furensa mai ƙamshi. Shi ma ya taɓa ruɗin manya. Linnaeus ya ga ƙaramin lalle ba ƙaya, ya ga tsoho da tsini, sai ya ba su suna biyu a matsayin jinsi biyu. Daga baya aka gane abu ɗaya ne, sunan da ya tsira kuwa, Lawsonia inermis, ma'anarsa "marar makami", ko da yake duk wadda ta taɓa tsinkar lalle a tsohuwar bishiya ta san ba haka ba ne.

Baƙin da ba a gayyata ba

Shinge matattarar tsuntsaye ne, kuma yana tare irin da iska ta kwaso, shi ya sa yaɗo ke yawa a jikinsa. A nan tambayar farko ita ce: da me tsiron yake hawa? Garahuni da soso suna da wani siririn zare mai naɗewa da suke kama reshe da shi, alamar dangin kabewa da duma ke nan. Garahuni yana da ganye mai tsagi, ɗansa kuma in ya nuna yakan yi ja ya fashe. Yaɗiya da fataka kuwa ba su da wannan zare, jikinsu ne gaba ɗaya ke murɗewa a kan abin da suka samu.

Waɗannan biyu su ne suka fi cancantar a tsaya a kansu, domin dangi ɗaya ne da tumfafiya, dukansu ganyensu biyu-biyu ne, dukansu kwansonsu yana fashewa ya saki iri mai farin gashi, amma ɗaya abinci ce ɗaya dafi. Yaɗiya, wadda ake dafawa a yi kwaɗo, tana zama kore har tsakiyar rani, kuma ta ceci gidaje da yawa a shekarun yunwa. Ganyenta ya fi tsawo bisa faɗi, ruwanta garai-garai ne mai ɗanko, kwansonta sumul, tsohon jikinta kuma yakan yi kaushi ya tsattsage. Fataka kuwa ganyenta siffar zuciya gare shi, toka-toka, mai gashi kamar ƙaramin bargo, ruwanta fari ne kamar madara, kwansonta biyu-biyu da taushin tsika. Majema suna amfani da ita wajen cire gashin fata, amma tana da sinadarai masu taɓa bugun zuciya, kuma tana kashe dabbobi. Yarinyar da aka aika tsinko yaɗiya ya kamata a nuna mata fataka tukuna.

Idon zakara ma yakan hau shinge, da ƙananan ganye jere kamar na tsamiya, da jan iri mai ɗigon baƙi wanda yara ke wasa da shi. Idan an haɗiye shi ɗungum yakan wuce, saboda taurin ɓawonsa, amma wanda aka tauna ko aka huda yana sakin abrin, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin dafin tsirrai. Kauci kuwa ba yaɗo ba ne: ba shi da saiwa a ƙasa, a jikin reshe yake kafewa yana tsotson ruwan mai masaukinsa, tsuntsaye kuma su ke dasa shi.

Idan abin ya gagara

Wani lokaci alamun nan ba sa warware matsala, kuma suna ma yakan yaudari mutum, domin abin da ake kira da suna kaza a Shinkafi yana iya zama wani tsiro dabam a Zariya. Manhajojin wayar hannu masu gane tsiro daga hoto suna taimakawa idan akwai fure da ganye, amma sanda tsirara takan ruɗe su. Hanyar da ta fi inganci har yanzu ita ce tsohuwar hanya. A yanko reshe mai ganye, da fure ko 'ya'ya in akwai, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da abu mai nauyi, a riƙa sauya takardar har ya bushe. A rubuta rana da wuri da sunan da mutanen garin ke kiransa, musamman kuma launin ruwansa da ƙamshinsa, domin waɗannan biyu suna gushewa da bushewa. Irin wannan samfuri ana iya gwada shi da waɗanda ke ajiye a ma'adanar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Ga manomin da ke son sabon shinge kuwa, dabarar ita ce ya zaɓi uwayen dashensa tun da damina, lokacin da ganye da fure ke nan, ya ɗaura musu tsumma. Idan bazara ta yi, wajen Afrilu ko Mayu, sai ya yanki rassa masu tsawon kamu ɗaya ko biyu. Na aguwa a bar su a inuwa kwana kaɗan bakin ya bushe, domin ɗanyen yanka a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. A kafa su kusa da kusa, gindi a ƙasa kamar yadda suke a jikin uwa, a kuma rufa musu ƙaya a shekarar farko. Wajen makaranta ko gidan da ke da ƙananan yara, aguwa da dashi da lalle sun fi dacewa, bini-da-zugu kuwa a kai shi gonar nesa.